Motar Makka Mai Rawar Ƙafa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Mutanen da muka yi zaman kasuwa tare, wasu fuskarsu kawai ta rage mini, suna ya tafi. Amma labarin wata 'yar motar wasa ja mai aiki da batir, wannan kam ina jin da shi za a kai ni makwancina.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina gyaran rediyo a Tudun Wada. Rumfata tana bakin kasuwa, jingine da ta wani tela wanda taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, mutumin da bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Duk garin Mai Rediyo ake ce mini. Har ɗana na fari haka yake kirana.

Mahaifiyarmu, Inna, mutuniyar Burumburum ce, jinin Fulani, kuma a wajenta kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa. Ranar da aka yaye yaron ta sa aka kai shi sashen yayana, wanda a lokacin 'ya'ya mata kawai Allah ya ba shi. Gida ɗaya muke, katangar ƙasa ce ta raba mu, wadda ko kafaɗata ba ta kai ba. Yaro ya tashi yana ce wa yayana Baba. Ni kuwa in mun haɗu a zaure sai ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Mai Rediyo," in ce, "Lafiya," in kau da kai. Ya san ni na haife shi, an gaya masa, amma sanin da mutum yake yi wa sunan kakan kakansa ne. Na ɗauka abin bai dame ni ba. Ashe yana kwance ne yana jiran abin da zai tashe shi.

Yayana fataucin masara yake yi tsakanin Doguwa da Kano, kuma a shekarar Allah ya kira shi aikin hajji. Da ya dawo aka raba tsaraba, dabino da zamzam da carbi, ni ma na sami jallabiya. Sai daga ƙarshe ya zaro wani kwali daga ƙasan jaka ya miƙa wa yaron. Mota ce ja, girmanta kamar takalmin babban mutum, tare da wani ɗan akwati mai eriya da ake riƙewa a hannu. Ka danna ta tafi, ka karkata maɓalli ta juya, babu zare babu igiya. Da ta nufo tabarmar Inna sai tsohuwa ta janye ƙafa ta ce, "A'uzubillahi! Wa ke ciki?"

Washegari da hantsi na hango su ta saman katanga. Sabon Alhaji guda, da girmansa, ya durƙusa a tsakar gida ya rungumo yaron ta baya, hannunsa a kan nasa, suna tuƙi tare. Yaron yana ta ƙyaƙyata dariya, yana cewa, "Baba, za ta shiga akurki! Baba, juya!" Na tsaya da buta a hannu kamar mai alwala. Abin da ya fi cin raina shi ne, ni na san abin da ke cikin akwatin nan. Gidan rediyo ne ƙarami, motar kuma mai saurare ce. Sana'ata ce tsantsa. Yayana ko inda ake juya kan batir bai sani ba, amma shi ne a durƙushe, ni ina leƙe.

Mai ɗakina ta fito daga madafa ta dube ni ta ce, "Malam, butar nan fa tun ɗazu babu ruwa a cikinta."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ni ma ina jin dariyarsa daga nan. Ka bar shi haka, ya ishe mu." Ita ta iya haƙuri. Ni ban iya ba.

Ba a daɗe ba motar ta faɗo daga kan dakalin ƙofar gida. Tun daga ranar ƙafarta ta baya ta kama rawa. In ta tashi sai ka ji kar-kar-kar, tana ɗingishi, tana jan hagu, ta yi gaba kaɗan ta tsaya tana kuka a wuri ɗaya. Daga bayan katanga na ji sautin na san ciwon. Kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Ran nan bayan azahar ina cikin rumfa sai ga yaron, ya naɗo motar a gaban rigarsa. Ya rusuna ya ce, "Baba ya ce in kawo maka ka duba."

Na ce, "Ajiye." Ya ajiye, ya zauna a bakin benci. Tun da aka haife shi ba mu taɓa zama a inuwa ɗaya mu biyu ba sai ranar.

Tela ya tsayar da kekensa ya leƙo. "A'a, yau babban baƙo muka yi. Kai yaro, tsaya in gani. Wannan hancin a ina ka samo shi? Na rantse na taɓa ganin irinsa a rumfar nan."

Na ce, "Kai dai ka ji da wandunan mutane da ka ɓata."

Na kwance cikin motar da sukudireba. Akwai ɗan inji, da 'yan faifai na roba masu haƙora, da wani siririn ƙarfe da ya ratsa ƙafafun baya biyu. Na zare ƙarfen na gangara shi a kan guntun madubi, sai ga shi yana tashi yana faɗuwa. Ya lanƙwashe. Lanƙwasar kuma ta ci ramin robar da yake juyawa a ciki har ya buɗe, shi ya sa haƙoran suke haɗuwa suna kuskure juna. Nan take na ga gyaran gaskiya: a yanko sabon ƙarfe daga wayar ƙafar keke, a sa masa gida da guntun eriyar rediyo. Aikin da za a gama kafin la'asar.

To amma yaron ya matso. Kansa ya kusa taɓa kafaɗata, numfashinsa yana sauka a wuyan hannuna, yana nuni da yatsa yana cewa, "Wannan fa? Wannan me yake yi?" Sai wani abu ya raɗa mini: in ka warkar da ita yau, yaushe zai sake zuwa?

Na ɗauki filaya na ɗan miƙe tsohon ƙarfen sama-sama. Na naɗa zare a inda ramin ya buɗe, na ɗiga masa kyandir. Na san zai riƙe na 'yan kwanaki, ba ƙari. Aka sa ta a ƙasa ta tafi sumul. Yaron ya sure ta ya zura a guje, tun daga bakin kasuwa nake jin muryarsa: "Baba! Baba! Ta tashi!" Ni na gyara, wani aka kai wa albishir.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo, kamar yadda na lissafa. Haka muka cinye daminar nan. Kullum da dalilin da zan kawo: yau ƙasa ce ta shiga, gobe laima ce, jibi kayan Makka ba su saba da turɓayarmu ba. Nakan sayi rake in ajiye a kan benci in ce da ƙarfi, "Tela, ga rake nan in akwai mai sha," don ba zan iya miƙa masa da hannuna ba. Shi kuma ya zauna yana sha yana ba ni labari, kuma kowane labari da Baba yake farawa. Baba ya ce zai kai shi Bagauda ya ga ruwa. Baba ya bar shi ya hau gaban motar lodi. Baba ya fi kowa iya ɗaure buhu. Ina murza sukudireba ina haɗiyar abin da ya fi maɗaci ɗaci.

Wata rana na kasa daurewa na ce, "Shi Baban naka, da ya iya komai, me ya hana shi gyara maka?"

Ya ce, "Baba ya ce shi masara ya sani." Ya faɗe shi da alfahari, kamar rashin sanin ma wani abin yabo ne.

Da ya tafi Tela ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Ni dai na ga ciwon da ba ya warkewa, na kuma ga bokan da ba ya so a warke."

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Ba kowa. Zarena ne dai na ga yana ƙarewa."

Akwai abin da ko Tela bai sani ba. Duk buɗewar da zan yi sai in tarar da wani farin gari a cikin motar. Haƙoran robar ne rawar take ci a hankali. Ƙarfe ana iya yanko wani, amma faifan nan babu mai irinsa a ƙasarmu, in ya cinye motar ta mutu ke nan. Na gani da idona, na busa garin, na sake naɗa zare.

Asirina ya tonu ne wata Juma'a. Abokan fataucin yayana sun zo daga Doguwa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci, ni ma ina zaune a gefe. Yaya ya ce a kawo motar baƙi su gani. Yaran unguwa suka taru da motocinsu na kara da na gwangwani. Yaron ya tsaya a tsakiya, ya ja eriya, ya danna. Motar ta taso da kyau, sai kar-kar-kar, ta karkace, ƙafar baya ta fice ta gangara har gaban wani baƙo. Yara suka fashe da dariya. Wani ya turo tasa ta kara ya wuce ta yana cewa, "Tawa ba ta zuwa asibiti!"

Baƙon ya ɗauki ƙafar yana juyawa ya ce, "Wa yake gyara muku ita?"

Yaron, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Mai Rediyo ne. Bai iya ba. Kullum sai ya ce ya gyara." Ya juya wajen yayana ya ce, "Baba, mu kai ta Kano wajen waɗanda suka iya."

Baƙon bai san ni ba, bai san abin da ke tsakani ba. Ya ce, "Ai masu gyaran ƙauye sai a hankali." An zage ni a kasuwa, an taɓa mayar mini da aiki, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar kalmomin nan uku, "bai iya ba," daga bakin yaron ba. Abu ɗaya nake da shi da ya fi na yayana, shi ne hannuna, kuma da kaina na zubar da shi a idonsa.

Bayan la'asar, da baƙi suka tafi, Yaya ya kira ni bayan rumbu inda ba kowa. Ya ce, "Rediyon Ardo da ya faɗa rafi, wa ya tashe shi?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

"To motar wasa ce ta gagare ka?"

Ya ce, "Na daɗe a harkar lodi. Na san motar da ta lalace, na san wadda direba ya ƙi tayarwa."

Na ce, da muryar da ni kaina ban so ba, "Ai ɗanka ne. Abin da ka ga dama shi za a yi."

Ya ce, "Ɗana ne mana, wa ya ce ba ɗana ba ne? Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na riƙe shi ranar kaciya. Amma tambaye ni. Da na shiga kantin nan a Makka, ga riguna ga takalma, me ya sa na ɗauko abin da ban san gabansa da bayansa ba? Cewa na yi, wannan duk ranar da ya lalace, mutum ɗaya ne a garinmu zai iya da shi. Inna kuma ba za ta hana yaro kai gyara ba." Ya dube ni ya girgiza kai. "Na buɗe maka ƙofa, ka bar ta kana haƙa rami ta ƙarƙashin katanga."

Na rasa inda zan sa idona. Ya ce, "Gobe ina da lodi zuwa Kano. Ko in tafi da ita, ko ka gyara ta ta gyaru. Zaɓi naka ne."

Na san abin da zaɓin yake nufi. In ta tafi Kano, na tabbata wanda bai iya ba har abada. In kuma ta gyaru, dalilin zuwan yaron rumfata ya ƙare. Na ce a turo mini shi da safe.

Ya zo yana jan ƙafa, fuska a murtuke, ya ajiye motar ko kallona bai yi ba. Na ce, "Yau kai za ka riƙe madubi." Na kankare zaren da kyandir a gabansa na ce, "Wannan da kake gani, ba gyara ba ne. Na san ba zai riƙe ba tun ranar farko."

Ya ɗago ya ce, "To me ya sa ka yi?"

Keken Tela ya tsaya cak. Na ce, "Riƙe nan da kyau, kada ya karkata."

Na yanko wayar ƙafar keke daidai tsawon tsohon ƙarfen. Muka gangara ta a kan madubi, ina ɗan bugawa da ƙaramar guduma, muna sake gangarawa, har ta tafi shiru ba tashi ba faɗuwa. Shi ya fara cewa, "Ta daina!" Na goge bakinta da magagari. Na yanki guntun eriyar wani mataccen rediyo, na ɗumama shi da ƙarfen dalma, na cusa shi cikin ramin da ya buɗe, roba ta narke kaɗan ta kama shi gam. Ƙarfen ya shiga ciki ba matsi ba sako-sako. Faifan haƙoran, gefe ɗaya ya ci sosai, sai na matsar da shi da ɗan zoben gwangwani don sauran lafiyayyen gefen ya kama. Da na ƙara mako guda ina wasana, da babu abin da za a kama. Tela ya miƙo 'yar kwalbar man kekensa ta saman zana ya ce, "Ungo, kada a ce ban yi zumunci ba."

Na ɗaga motar sama na ce ya danna. Ƙafafun suka ɗauka da wani siririn sauti mai daɗi. Yaron ya zura ido ya ce, "Kamar ba sa juyawa!"

Na ce, "Haka lafiyayyar ƙafa take."

Ya sa ta a ƙasa, ta miƙe tsakanin rumfuna kamar an ja layi, har gindin mai tsire. Ya bi ta da gudu ya ɗauka, ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya wuce gida.

Bai dawo ba. Damina ta ja baya, aka fara karyar masara, bencin nan babu kowa. Na sayi rake ya bushe a wurin. Kullum da yamma ina jin motar ta bayan katanga tana tafiya lafiya lau, kuma ban taɓa yin aikin kirki da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Tela yakan ce, "Boka ya warkar da majinyacinsa ɗaya tilo, yanzu sai hamma."

Sai wata rana da kaka, ina sunkuye a kan wani rediyo, na ga inuwa a bakin rumfa. Yaron ne, da motar a hannu. Ya ce, "Ta sake rawa."

Na yi mamaki, don na san aikina. Na karɓa na juya cikinta. Kawunan ƙusoshin duk sun ƙuje, irin ƙujewar bakin wuƙa. Na buɗe. Gidan da na yi da guntun eriya yana nan daram, haƙora lafiya. Ƙarfen ne ya lanƙwashe, a can tsakiya inda ko daga kan soro ta faɗo ƙasa ba za ta taɓa ba, ga kuma sabon tabon dutse yana ƙyalli a jikinsa. An zare shi ne, an buga, an mayar.

Na dube shi. Ya kafa wa rediyoyin da ke kan kanta ido kamar bai taɓa ganinsu ba. Tela ya leƙo ya gani, ya koma ya zauna yana tari irin na mai danne dariya, yana cewa, "Ikon Allah. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na ce, "E, ta lanƙwashe. Wannan zai ɗauki lokaci. Zauna." Ya zauna. Ina neman wayar keke, bayana yana gare shi, na ce, "Gobe ma ka zo, ko babu mota. Akwai aikin da yake son mai riƙe madubi."

Ya ce, "To."

Yau yaron nan yana da furfura a gemu, da shagonsa na gyara a Kano. Har yayana ya koma ga Allah Baba yake ce masa, shi ya riƙe kan makararsa, kuma haka ya dace. Ni har gobe Mai Rediyo ne, 'ya'yansa ma haka suke kirana, ni kuma ga shi na kawo ƙarshen labarin nan ban iya rubuta sunansa ba. Wannan bai dame ni ba yanzu. Abin da yake damuna shi ne yayana. Damina guda na yi ina jin haushin mutumin da ya tuna da ni a tsakiyar Makka, kuma har ya rasu ban buɗe baki na ce masa na gode ba.

Abin da motar nan ta koya mini ke nan. Kishi yakan sa mutum ya ɗauki mai buɗe masa ƙofa a matsayin mai tare masa hanya. Kuma in kana so wani ya riƙa zuwa wurinka, kada ka bar abinsa a lalace don ya dawo. Gyara masa ya gyaru, ka bar bencin a inda yake.